Rigar da Birin Ya Riƙe

Asabar, bayan La'asar. Farkon Safar, 1385, a unguwar Misfala, Makka.

Ja'afaru, wannan rubutun naka ne. Ban yi makaranta ba, ajamin ma da furfura a gemu na koye shi, sai ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe. Ina rubutawa ne don in ka dawo ka ga abin da aka yi wa ubanka a bayanka, kada Rabe wanzami ya riga ni zuwa kunnenka.

Yau maigidanka Sayyid Hassan mai kantin yadi ya dawo daga yawon dajin da ya tafi da kai. Ina hura gawayin tsire motarsa ta tsaya a bakin lungu. Matarka Ramlatu ta fito har ƙofa ko takalmi babu. Awwalu mai dafa masa abinci ya sauko, direba ya sauko, suka cicciɓo wani akwatin katako mai huji-huji. Kai ba ka sauko ba.

Sayyid ta taga ya yi magana, Awwalu na mayar mini da Hausa, sai ka ce ba a garin nan na tsufa ba. Wai an tsayar da kai a Hartum, takardar fita aka yi maka, ba a yi maka ta komowa ba. Wai abu ne mai sauƙi, yana da mutane. Wai abin da ke cikin akwatin iyalinsa sun ce ba za su kwana gida ɗaya da shi ba, ni kuwa tsohon maharbi ne, na san dabba.

"Ya ammi, baffa Sabo, riƙe mini shi da rai, ni kuma in kawo maka ɗanka."

Haka ya faɗa. Na rubuta don kada a canja daga baya.

Lahadi, da hantsi.

Ɗan goggon biri ne, amma ba irin namu ba. Daga dajin Haɗejiya har bakin Tafkin Cadi na yi farauta, na kashe ɓauna, na kashe dorina, ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙi wuluk, ba wutsiya, gashi kamar bargo, girmansa kamar yaron da aka yaye. Hannunsa hannun mutum ne har da farce. Ba ya kuka. Kallo kawai yake yi, shi ne abin da ban so.

A jikin akwatin an liƙa takarda da hatimi. Rabe ya karanta mini, izinin shigowa ƙasa ne. Biri ya sami takarda, a jirgin sama ma ya zo. Ni da na tako da ƙafata, na binne uwarka a hanyar Sudan kana goye, har yau in na hango askari sai in sauya lungu.

Yana ƙanƙame da rigata. Rigar farautata nake nufi, baƙar taguwar saƙi da ke ƙasan adaka. Ban san ka ɗauke ta ba. Ba ka tambaye ni ba. To, a lokacin ba ma magana, kuma ka san wanda ya jawo. Ana neman wanda ya san daji, aka tsallake maharbi aka ɗauki mai zuba gahawa, kai kuma ka amsa kana dariya. Shi ya sa ban raka ka mota ba, ba don komai ba.

Na kai hannu in karɓi rigar, ya wage baki ya yi wata ƙara, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Na bar masa.

Talata, bayan Azahar.

Ya ƙi gurasar tamis, ya ƙi dabino, ya ƙi shinkafa. Nonon akuya ya sha kaɗan, da tsumma nake ɗiga masa. Na sayo ciyawar barsim wajen masu awaki, ya ɓare ya ci tsakiyar ya watsar da sauran. Mai zaɓe ne kamar kai.

Zafi ne matsalarsa. Na rataye jiƙaƙƙen buhu a taga, na kwantar da shi gindin randa. Mai kawo ruwa ya ce gidan nan ya koma hammam, gidan wanka.

Ramlatu ba ta shiga ɗakin. Tana ajiye nono a bakin ƙofa ta juya.

Laraba, da yamma.

Yaran unguwa sun gano. Suna hawa katanga suna cewa Takari ya haihu. Cikinsu har da 'ya'yan Hausawa, da Larabcinsu rangaɗau, ba su san ma da su ake ba.

Alhamis, bayan La'asar.

Awwalu ya zo duba biri. Na zaunar da shi, na dafa shayi, na ce ba ni labari.

Ya ce daga Hartum wani jirgin suka hau zuwa kudu, ƙasar Uganda. Wani Bature ya tarye su da motoci. Farko tafki, babba, ba a ganin ƙarshensa. Suka shiga kwalekwale mai inji, dorina kwance kamar duwatsu, kada sun baje a yashi, Baturen na nunawa da yatsa Sayyid na ɗaukar hoto. Ya ce kai ka yi amai a ruwan, aka yi ta yi maka dariya. Daga nan fili, ciyawa har ƙugu, giwaye da raƙuman dawa, da zaki kwance a kan reshen bishiya.

Na ce, "Awwalu, ka ji tsoron Allah. Zaki a bishiya?"

Ya ce, "Wallahi Baba, da wutsiyarsa tana reto."

Wai a can gwamnati ta keɓe daji ta sa masu gadi, in ka shiga kallo kawai za ka yi. Wurin harbi daban yake, sai an sayi izini. Ashe su ma sun yi wa dabbobi Harami. A wurin harbin kuwa, mota ke kai mutum gaban dabba, a miƙa masa bindiga a ɗure, ya harba, wani ya feɗe. Wannan suke kira farauta. Ni sai in yini ina jan ciki a ƙaya kafin in saki kibiya ɗaya.

Na ce, "Dutsen fa, inda aka samo wannan?"

Ya ce sanyi ne kamar zai kashe mutum, ruwa kullum, gajimare na yawo a ƙasa, kurmin gora ba a ganin sama. A can ka fara sa rigata saboda sanyi. Nan ma an hana harbi, amma Sayyid ya ga 'ya'yan biran ya ce sai ya zo da ɗaya. Baturen ya ƙi. Wasu mutanen ƙauye suka zagaya da ku ta bayan masu gadi.

Na ce, "Ba a ɗaukar ɗa uwa na tsaye. Uban garken kuma ba zai zauna yana kallo ba. Wa ya shiga ya ɗauko?"

Ya ce ana jiransa a gida. Ya bar shayi rabi.

Juma'a, bayan an sauko.

A Harami na yi addu'a. Tantabaru na yawo tsakanin ƙafafun mutane, ba mai ikon taɓa su.

Lahadi, da safe.

Rabe ya zo da zabirarsa ya zauna a bencina ba gayyata.

"Sarkin Baka, an ce ka yi jika."

"Da kai yake kama. Shiga ka yi masa aski."

Ya yi dariya, ya ɗauki tsire ɗaya bai biya ba, kamar kullum. Sai ya ce liman na cewa naman daji ba a tsare shi a ƙasar Harami, sakinsa ake yi. Na ce in sake shi ina? A kan duwatsun nan da ko ƙadangare ke neman inuwa? Liman ya kawo mini ɗana, yau ɗin nan in buɗe ƙofa.

Ya cinye tsirensa. Can ya ce, "Sabo, kai ne fa kake zama bakin kantin Sayyid kana cewa jinin maharbi ba ya tsoron dabba. Kai kake cewa rigar nan ko ƙarfe ba ya huda ta."

Na ce hira ce. Kowa na hira. Shi ma yana cewa ya taɓa yi wa sarkin Wadai ƙaho, wa ya kai shi ƙara? Rigar kuwa da can ne. Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah na farke layunta na binne, na ce ni da daji sai a lahira. Kowa ya sani.

Ya ce, "Ja'afaru ya sani?"

Na ce ya tashi daga bencina. Mutum ya ci naka ya zage ka.

Litinin, da Azahar.

Ya yi zawo. Ya sha nono kaɗan.

Laraba, da yamma.

Na je gidan Sayyid. Aka bar ni a zaure kusa da takalma har ƙafata ta yi sanyi. An riga an kafa kawunan dabbobi a bango, ɓauna da gwanki, da idon gilashi. Ɓaunar ma tsohuwa ce, ƙahonta a ɓantare, ko yaro zai kashe ta.

Da ya fito, biri ya fara tambaya. Na ce lafiyarsa lau, ɗana fa? Ya ce bukra insha Allah, wato gobe, an aika waya. Na ce a ba ni adireshin inda kake, Rabe ya rubuta mini wasiƙa. Ya ce ba ka da wurin zama ɗaya. Da kansa ya zuba mini gahawa, abin da bai taɓa yi ba. Bai dube ni ba, bango yake kallo.

Ina fita aka biyo ni da buhun shinkafa da bandir na farin yadi. Na karɓi shinkafar saboda matarka. Farin yadin na ce a mayar masa. Ba mu da abin yi da shi a gidan nan.

Alhamis.

Bukra.

Asabar, bayan La'asar.

Ya daina zama, sai kwance. Numfashinsa kamar zugazugi. Dabbar dutse ce, sanyi take so. Ɗa'if na nan kusa, iska mai sanyi, ga lambuna, har birai na zaune a bakin hanyarta. Na je wajen masu motar kayan lambu na sami wani ɗan Damagaram, na ce ya kai mu. Ya duba takardar akwatin, ya dube ni.

"Baba, a wajen shingen askari birin zai wuce. Kai ne ba za ka wuce ba."

Na ce to ya kai shi shi kaɗai. Ya ce shi ba mai raino ba ne.

Na aika wa Sayyid ya ba da mota. Aka ce ya tafi Jidda.

Ja'afaru, ka dubi ubanka. Na bar gawayi yana cin kansa, masu sayen tsire sun koma wajen wani, ni ina fifita biri da mafici. Duk don kai ne, kai kuwa ko saƙon baki ba ka aiko ba. Alhazai nawa ke fitowa daga Hartum? Tun kana yaro haka kake, in ka sami wuri sai ka manta da gida.

Lahadi, da hantsi.

Na dawo daga sayen barsim na tarar da Ramlatu a ɗakin. Ta ɗora shi a cinya, shi da rigar, tana shafa masa ruwa a tafin ƙafa. Ta ce wai ƙamshinka ne a jikin rigar. Na ce warin biri dai.

Ta juya gefen rigar da ya saki.

"Baba, wannan ɗinkin ba nawa ba ne."

"Tsohon ɗinki ne."

"Zaren sabo ne, Baba. Kuma an wanke ta da sabulu mai ƙarfi, dubi yadda rinin ya koɗe a nan."

"Na ce miki tsoho ne. Rigata ce ko taki?"

Ta ci gaba da shafa masa ruwa. Ba ta kuma tashi ba. Matan yanzu ba su da kunyar suruki.

Litinin, da La'asar.

Ya riƙe yatsana. Ban ce masa ya riƙe ba.

Talata, da hantsi.

Ya saki rigar.

Laraba, da safe.

Na sayo nono kamar kullum. Na sayo barsim. Mai ruwa ya kawo, na ce ya ƙara. Na rufe ɗakin, na ce wa Ramlatu barci yake yi, kada a dame shi. Ta dube ni kawai.

Alkawari cewa aka yi a riƙe shi da rai. Ba wanda ya sani tukuna. In waya ta riga ta tafi Hartum, ai ta tafi.

Laraba, da Azahar.

Zafin garin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Gobe dole in fitar da shi.

Na ɗauki rigar na fita da ita tsakar gida wajen haske. Ba duba ta na yi niyyar yi ba, kaɗe gashi zan yi.

Ɗinki biyu ne. Ɗaya a baya, ƙasan kafaɗar hagu, ƙarami, zagayayye, ɗan yatsa zai cika shi. Ɗaya a gaba, ya fi tafin hannu, an yi masa maho da wani ƙyalle.

Na san aikin haƙori, na san aikin ƙaho, na san aikin farce. Duk yaga suke yi, ba sa yin da'ira. Na kuma san ƙofar shiga da ƙofar fita.

Na mayar da ita adaka. Ban ci abinci ba.

Alhamis, bayan Asuba.

Na naɗe shi a buhu na kai shi bayan gari, gindin wani dutse, na haƙa da kaina. Ƙasar kamar ƙarfe. Na ɗora duwatsu saboda karnuka. Ba nauyi, amma a hanya sai da na sauke shi sau da yawa.

Alhamis, da La'asar.

Na tare Awwalu a kasuwa wajen masu nama. Ya so ya kauce, na riƙe kwandonsa.

Na ce, "Wa ya ɗinka rigar?"

Ya ce, "Ni."

"Wa ke bayansa da bindiga?"

"Baba, ina da 'ya'ya. Shi ne kafilina, da sunansa nake zaune a ƙasar nan, in ya janye hannu gobe ina cikin jirgin ruwa."

"Ban ce ka je wajen alƙali ba. Da wace takarda ni ma zan je? Tambaya na yi."

Ya kalli ƙasa. Ya ce uban garken ya taso yana dukan ƙirji, kowa ya watse, shi bai ga komai ba sai ƙara. Ya ce ɗan birin ya ƙi sakin rigar ko da aka zo ɗauka, dole aka cire ta tare da shi.

Na ce, "Hartum fa?"

Ya ce, "An yi masa sallah, Baba. Ni na yi masa wanka, ni na ja. Mun duba gabas daidai gwargwado, ba rana a wurin."

Na saki kwandon. Na ce masa naman da ya saya na jiya ne, an cuce shi.

Juma'a.

Ban je masallaci ba. Ƙafa.

Asabar, da safe.

Direban Sayyid ya zo. Labarin birin ya kai. Wai ba komai, ƙaddara ce, amma tun da na iya fiɗa in feɗe shi da kyau a kai masa fatar, akwai mai cusa auduga a Jidda, za a tsayar da shi a zaure. Na ce ya gaya masa na manta inda na binne. Na zare takardar akwatin na miƙa masa, na ce ga ta nan da sauranta, a ba wani birin.

Bai yi zancen Hartum ba. Ni ma ban yi ba.

Asabar, da yamma.

Ramlatu ta zo ta durƙusa. Ba 'yan kunne, ba kwalli. Ta ce, "Baba, in tambayi liman daga yaushe zan fara lissafin takaba?"

Na ce ta tambaya.

Ta nemi rigar. Na ce ba yanzu ba.

Yaron bai taɓa riƙe ko baka ba. Tantabara ce ta faɗo daga soro yana ƙarami, ya yini yana kuka. Mutumin da yaron ya yi shekara da shekaru yana zuba masa gahawa ya san haka. Ya sani sarai. Hirar tsoho a bakin kanti ba ita ta ɗura bindiga ba. Rabe ya faɗi abin da ya ga dama.

Lahadi, da hantsi.

Na sa wuƙar tsire na warware ɗinkin Awwalu, na baya da na gaba. Na sa rigar. Ta yi mini yawa yanzu.

Na ɗauki murhu da gawayi da tire na nufi layin masu yadi. Rabe ya hango ni, ya biyo ni da zabirarsa yana haki.

"Sarkin Baka, ka haukace? Hayaƙi a layin yadi? Askari za su kira maka, kai ko takarda babu."

Na ce su kira. Jirgin ruwan ma ya san hanya, kudu dai ake yi.

Na kafa murhu daidai ƙofar kantin Sayyid, ƙetaren hanya. Na zauna na ba kantin baya. Rabe ya tsaya yana zagina, sannan ya shimfiɗa buzunsa ya zauna gefena, shi yana fuskantar can.

Aka daɗe. Na jera nama, na barbaɗa ƙuli. Na ji tsayuwar mota.

Rabe ya ce a hankali, "Ya sauko. Ya gan ka."

Ban waiwaya ba.

"Makulli ya faɗi daga hannunsa. Bai ɗauka ba."

Iska na shiga ta hujin, ina jinta a fatar bayana.

"Sabo, har yanzu yana tsaye fa."

Na ce bar shi ya tsaya. Na juya tsire, na miƙa wa Rabe ɗaya, na ce gobe ya zo da wuri, kuma ya taho da ƙarin gawayi.